Tallafin Horar da 'Yan Jarida a Kaduna: Inda Kuɗin Ya Tafi da Inda Aikin Yake

Wasiƙar amincewa ta iso mana ne jim kaɗan bayan zaɓen 2023. Mu ƙaramar ƙungiya ce ta ma'aikatan rediyo da jarida a cikin garin Kaduna, ofishinmu ɗaki guda ne da wani tsohon edita ya ara mana a bayan gidansa, kuma wannan ne karo na farko da wata gidauniya ta ƙasar waje ta yarda ta ba mu ko sisi. Abin da muka nema a takarda shi ne horar da 'yan jarida yadda za su tantance labari kafin su yaɗa shi, su kuma koya wa masu sauraro gane labarin bogi. Ni aka ɗora wa riƙe shirin, tun daga rubuta takardar nema har zuwa rahoton rufewa, saboda haka ganau nake a wannan magana, ba jiyau ba.

Ba sai an yi wa mutumin Kaduna dogon bayani kan abin da jita-jita ke iya yi ba. Tun rikicin addini na Fabrairun 2000 kogin Kaduna, wanda ya raba garin arewa da kudu, ya zama iyaka a tsakaninmu. Masu yawa sun kwashe kaya daga Tudun Wada da Rigasa sun koma Sabon Tasha da Narayi, wasu kuma suka yi akasin haka, har aka wayi gari abin da ake faɗa a wancan tsallaken ba ya isowa wannan sai ya sauya kama. A Nuwamban 2002 rubutu guda a jaridar ThisDay ya jawo asarar rayuka sama da 200. A Oktoban 2018 an kashe mutum 55 a Kasuwan Magani, kwanaki kaɗan bayan haka wutar ta shigo cikin gari, kuma saƙonnin waya na cikin abin da ya ɗauko ta, sai da aka sa dokar hana fita ta awa 24. Ga shi kuma jihar nan ce mahaifar aikin jarida da Hausa. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na edita, kuma cikin dalilan kafa ta har da kashe raɗe-raɗin da ke yawo a lokacin cewa Ingila za ta miƙa ƙasashen da take mulka ga Jamus. Rediyon Kaduna ya zo a 1962, New Nigerian ta biyo baya a 1966. Duk wannan na zuba shi a shafin farko na takardar nema, kuma ina jin shi ya ja hankalinsu.

Kasafin da muka rubuta

Kuskuren ya fara ne daga fom ɗin kasafin kuɗi, kuma da hannunmu muka cike shi. Fom ɗin yana da gurbin kuɗin zauren taro, da masauki, da abinci da shayi, da alawus ɗin masu horarwa, da kuɗin mota na mahalarta, da buga ƙyallen sanarwa da satifiket. A ɗaya shafin, inda ake rubuta yadda za a auna nasara, tambayoyin su ne mutum nawa aka horar, mata nawa ne a ciki, kafafen yaɗa labarai nawa suka ɗauki taron. Babu gurbin da ya ce kati da data na wata shida ga wakilin da zai riƙa buga waya yana bin diddigi. Babu gurbin lokacin edita. An bar wani ɗan fili a ƙasa mai cewa "sauran buƙatu", amma ba mu taɓa shi ba, don tsoron kada a ga mun fita daga layi a hana mu gaba ɗaya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mun rubuta abin da muke zaton suna son karantawa, su kuma suka amince da abin da muka rubuta.

Sai ga tsadar rayuwa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta haye 1,500 a farkon 2024. Yarjejeniyarmu da naira aka ƙulla ta, kashi-kashi ake biya, don haka duk faɗuwar a kanmu ta sauka. Bitar kwana biyar ta koma kwana uku. Zaman da muka shirya yi a Zariya da Kafanchan muka soke su, muka ce kowa ya zo Kaduna. Wakilan Birnin Gwari da Saminaka da Kachia, waɗanda su ne ke zaune a inda labari ke fashewa babu mai tabbatar da shi, kaɗan ne daga cikinsu suka iya zuwa. Har yau wannan yana ci mini rai.

Mun aika wa gidajen rediyo da jaridu takardar gayyata muna roƙon a turo editocin labarai. Mafi yawansu ƙananan ma'aikata suka turo, wasu kuma aka turo wanda layin alawus ya zo kansa. Ban ga laifin kowa ba. Na san gidajen da ma'aikaci ke yin wata uku bai ga albashi ba, wanda kuɗin motar taro shi ne cefanen gidansa na mako. Amma sakamakon shi ne mun horar da waɗanda ba su da ikon cewa a dakatar da labari, muka bar masu ikon a ofis.

Rana ta biyu

Mai horarwar daga Abuja ya zo, matashi ne mai ilimi da haƙuri, ya yi aiki da masu tantance labarai na ƙwarai. Ya gabatar da mu ga aikin ƙungiyoyin tantance labarai irin su Dubawa, wadda aka kafa a 2018, da Africa Check da ta faro daga Afirka ta Kudu a 2012, da FactCheckHub. Ya nuna yadda ake saka hoto a Google Lens ko TinEye a gano ranar da ya fara fitowa a intanet, da yadda InVID ke yanka bidiyo zuwa hotuna a bincika su ɗaya bayan ɗaya. Ya kawo labarin ruwan gishiri na lokacin Ebola a Agustan 2014, wanda ya kai wasu kabari, da zancen "Jubril na Sudan", wai Shugaba Buhari ya rasu an sa mai kama da shi a madadinsa, da sai da Buharin ya fito da kansa ya ƙaryata a ƙasar Foland a Disamban 2018. Duk ilimi ne mai amfani. Sai dai bayanin da Turanci yake, kuma rabin kayan aikin sun fi son kwamfuta, alhali a zauren waɗanda suka zo da kwamfuta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Bayan sallar azahar wata yarinya mai gabatar da shirin safe a wani gidan rediyo mai zaman kansa ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, don Allah a ba ni minti ɗaya." Ta kara wayarta a makirfo. Muryar wata mata ce, tana haki, tana cewa a gaya wa kowa kada ya bari yaransa su je makaranta gobe, wai an ga baƙin fuskoki a kan babura, ƙanin mijinta ne ya gani da idonsa, duk wanda ya ji ya tura don Allah don Annabi. Babu sunan unguwa, babu rana. A saman saƙon ga kibiyoyin nan biyu na WhatsApp masu nuna an yi ta tura shi hannu zuwa hannu.

"Malam, wannan a wace manhaja zan saka shi?"

Mai horarwar ya yi shiru, sannan ya faɗi gaskiya, ya ce babu. Hoto yana da sawu a intanet, murya ba ta da shi. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa, mai bincike ba ya ganin inda suka faro. Kamfanin ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a 2019, ya mayar da saƙon da aka yi ta turawa zuwa wuri ɗaya a 2020, amma wannan rage gudu ne kawai. Kuma ga wanda bai iya karatun boko ba, saƙon murya shi ne jaridarsa.

A nan tsohon editan da ya ara mana ɗaki ya miƙe. Ba ya cikin masu jawabi, rakiya ya yi mana. Na ce, "Baba, ga makirfo." Ya ce muryarsa ta isa. Ya sa aka sake kunna saƙon, ya ce kowa ya ƙirga "wai" nawa ke ciki. Guda ɗaya ce. Ya ce to ku jira, gobe idan saƙon ya dawo muku ta bakin wani, wannan "wai" ɗin ta faɗi a hanya, jibi kuma za a saka masa sunan unguwa. Ya ce Bahaushe ya gina wa harshensa ma'aunin labari tun kafin a yi waya: akwai "na gani", akwai "an gaya mini", akwai "an ce", akwai "wai", kuma aikin ɗan jarida shi ne ya mayar wa kowane zance da matsayinsa. Ya tuna mana yadda malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, da umarnin da ke cikin Suratul Hujurati na a nemi tabbaci idan wanda ba a yarda da shi ba ya zo da labari. Wata abokiyar aikinmu daga Kakuri ta karɓa, ta ce su ma tun suna yara a coci ake koya musu kada a yi shaidar zur a kan maƙwabci, kuma tura abin da ba ka tabbatar ba shaida ce.

Sauran yinin a kan wannan saƙo guda muka ƙare shi. Wace ce matar? Karin harshenta na ina ne? Wane ƙanin miji? Idan da gaske ne, wa zai sani: mai unguwa, shugaban 'yan sintiri, hedimasta, direban keke napep da ke kwana a bakin titi, mai shayin da ba ya tashi sai ƙarfe biyu. Aka fara rubuta a allo waɗanda kowa zai iya kira a unguwarsa. Kafin la'asar allon ya cika, kuma na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba: 'yan arewacin kogi ba su da lambar kowa a kudu, 'yan kudu ba su da ta kowa a arewa. Shekara da shekaru muna aiki gari ɗaya.

Ragowar kuɗin

A daren na zauna da ma'ajinmu muka duba abin da ya rage. Muka fasa buga jakunkuna masu tambari, muka mayar da zaman rana ta uku wani zauren makaranta da aka ba mu kyauta. Na rubuta wa jami'ar gidauniyar da ke kula da mu ina roƙon izinin karkatar da ragowar zuwa kati da data da kuɗin mota na mutum shida, uku daga kowane tsallake, na tsawon wata shida. Amsar ta ɗauki makonni, domin sai ta haura sama ta sauko. Amma ta amince, har ta ƙara da cewa da mun nemi haka tun farko da an duba. Wannan magana ta zauna mini a rai.

Tsarin ba shi da wuya. Zaure guda a WhatsApp, duk wanda saƙo mai tayar da hankali ya shigo wa sai ya jefa shi ciki. Wanda ya fi kusa da wurin ya buga waya, aƙalla mutum biyu da ba su san juna ba, in hali ya yi ya je da ƙafarsa. Ba a cewa ƙarya ne sai an tabbatar, ba a cewa gaskiya ne sai an tabbatar, kuma an yarda a ce "ba mu kai ga tabbatarwa ba tukuna" a iska.

Wata Juma'a da hantsi saƙo ya shigo cewa an tare hanya a kudancin gari ana duba katin shaida, kada Musulmi ya ƙetara gada. Cikin rabin awa na same shi daga wurare huɗu, har da ƙanwar mahaifiyata. Abokiyar aikinmu ta Kakuri tana kusa, ta hau keke napep ta je. Tirela ce ta lalace ta toshe rabin titi, jami'an kula da hanya suna karkatar da motoci, shi ya jawo cunkoso. Ta ɗauki bidiyo tana faɗin rana da lokaci da bakinta, ga masu lemo da masu rake suna cinikinsu a bayanta. Yarinyar shirin safe ta shiga ofishin manajan shirye-shirye ta ce, "Ranka ya daɗe, minti biyu nake roƙo kafin a tafi masallaci." Ya ba ta. Ba ta maimaita kalmomin saƙon ba, ta ce kawai hanya lafiya lau, ga abin da ya faru, ga wadda ta je ta gani. Muka kuma naɗi saƙon murya namu, gajere, da Hausa, muka tura ta hanyar da ƙaryar ta biyo. Ƙanwar mahaifiyata da kanta ta tura shi zauren matan unguwarsu. Duk abin da aka kashe ranar bai kai kuɗin shayin mutum biyar a otal ba.

Kuriga

Jarrabawar da ta fi wannan nauyi ta zo ranar 7 ga Maris 2024, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Kuriga, ƙaramar hukumar Chikun. Adadin farko da ya fita 287 ne, daga bakin wani malamin makarantar, a rana ta firgici, yara sun watse cikin daji iyaye na kuka. Duniya duka ta ɗauka. Ranar 24 ga Maris sojoji suka sanar da kuɓutar 137 a jihar Zamfara, mata 76 maza 61, gwamnatin jiha kuma ta ce iyakar waɗanda aka sace ke nan. Nan take tambaya ta cika gari: ina sauran 150?

Wannan ba irin saƙon matar nan ba ne. Babu wanda ya zauna ya ƙirƙiri 287 don ya yaudari jama'a, ƙidaya ce ta farko cikin ruɗani. Amma gidajen da suka yi mako biyu suna faɗin adadin kai tsaye kamar sun ƙirga da kansu sun shiga tsaka mai wuya: in sun koma 137 a ce gwamnati ta saye su, in sun tsaya a 287 ba su da hujja. A zaurenmu tun daren farko Baba ya rubuto layi ɗaya, a riƙa cewa "a cewar wani malamin makarantar", kada a yar da ita ko sau ɗaya. Waɗanda editocinsu suka bari a yi haka, da adadin ya sauya ba su ji kunya ba, kuma suna da bakin tambayar hukuma rajistar makaranta da jerin sunaye. Biyu daga cikin mutanenmu sun rubuta shi daidai, aka goge musu shi a teburin edita don kanun labari ya yi kaifi. Editocin nan su ne muka gayyata ba su zo ba, mu kuma ba mu bi su ofis ba.

Akwai wata matsala da ban hango ba. Da yarinyar ta mayar da abin fili na minti biyar a shirinta, wani mai sauraro ya bugo ya ce, "Hajiya, wa ke biyan ku ku riƙa gaya mana abin da za mu yarda da shi?" Tambaya ce mai tushe. Mutanen da suka tuna gwajin maganin Trovan a Kano a 1996, da yadda ƙauracewa rigakafin shan inna ta biyo baya a 2003, ba su da dalilin karɓar duk abin da kuɗin waje ya ɗauki nauyi ido rufe. Su ma 'yan jarida suna da nasu tsoron, domin sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, kafin gyaran da aka yi mata a 2024, an sha amfani da shi wajen kama masu rubutu, kuma a jihar nan an ga ɗan jarida ya kwana a tsare saboda labari. Kalmar "yaƙi da labaran ƙarya" a kunnen wasu sanda ce a hannun mai mulki. Shawarar da muka yanke ita ce a faɗa a iska wa ya ba da kuɗin da abin da aka yi da shi, kuma a tantance maganar jami'in gwamnati da ma'aunin da ake tantance ta mai shayi. Ranar da aka fara gyara wa wani jami'i adadi a filin, kiran masu zargi ya ragu.

Rahoton rufewa ya nemi takardar sa hannun mahalarta, da hotunan taro, da rasit na kowane kwalin ruwa. Duk mun bayar, kuma a kan ma'auninsu mun ci nasara tun rana ta uku. Labarin Juma'ar nan da na Kuriga a shafin ƙarshe na cusa su, ƙarƙashin "ƙarin bayani". Ba na ƙin bita, ba don ita ba da allon nan bai cika ba, kuma binciken hoto da aka koya mana muna amfani da shi har gobe. Abin da nake cewa shi ne kaso mafi tsoka ya tafi ga kwana uku, ɗan guntun da ya rage ya riƙe wata shida, kuma a wata shidan aka yi aikin. Da zan sake cike fom ɗin, da editoci zan fara, a ofisoshinsu, ko da awa biyu-biyu ne. Kayan koyarwa da Hausa, misalai daga wayoyin mahalarta. Zariya da Kafanchan kafin otal ɗin Kaduna. Kuma in roƙi a ƙulla yarjejeniya yadda faɗuwar naira ba za ta cinye shirin ba.

Mun nemi zagaye na biyu, sai lokaci ya juya. Ranar 20 ga Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, daga baya aka rushe USAID, hukumarta mai raba wannan tallafi. Gidauniyarmu ba ta Amurka ba ce, amma manyan ƙungiyoyin da suka rasa can duk sun dawo layin da muke, da ma'aikatan da sana'arsu ke nan rubuta takardar nema. A watan ne kuma kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya sanar da daina aiki da masu tantance labarai a Amurka, a watan Maris Sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru. Amsar da muka samu mai ladabi ce: a wannan shekara babu hali.

Daga cikin shidan, ɗaya ya koma Abuja, ɗaya ta bar aikin jarida ta kama koyarwa. Mu da muka rage muna haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa a ƙarshen wata mu saya wa mai tsaron zaure data, kamar adashi. Filin minti biyar yana nan ranar Litinin da Alhamis, wani mai kantin magani a unguwar ne ke biyan kuɗin iskar yanzu, bisa sharaɗin da yarinyar ta gindaya masa cewa in jita-jita ta shafi magani ba za a tuntuɓe shi kafin a faɗa ba. Allon kuwa mun kwafe shi a littafi mai bangon kwali, yana ɗakin Baba. Makon jiya aka ƙara lambobi biyu, ta wani limami a Rigasa da ta wata ungozoma a Gonin Gora.